Reshe Huɗu da Murja Ta Bai wa Ƙanwarta

Duk matar da ta shiga falon Murja a unguwar Arkilla sai ta tsaya ta ja numfashi. Shukar yasmin ce Murja ta dasa a tsohuwar randa, ta kama ƙarfen taga ta haye har sama, fararen furanninta sun cika gidan da ƙamshi. Murja ta fi son yabon da ake yi mata a kan shukar fiye da shukar kanta.

Ƙanwarta Hasana, wadda ke aure a unguwar Gidan Igwai, ta roƙe ta reshe. 'Ya'ya biyu Hasana ta haifa, babu wanda ya kai kwana arba'in. Ta ce tana son abin da za ta riƙa ba ruwa da safe.

Murja ta ji kunyar hana ta, amma ba ta so a ce akwai irin shukarta a wani gida. Ta yanko reshe ta shiga kicin, ta tsoma gindinsa cikin tafasasshen ruwan filas, sannan ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ta miƙa mata.

Bayan mako biyu Hasana ta bugo waya, ta ce ya bushe.

"Ruwa kin ka cika mashi," in ji Murja. "Taho ki amshi wani."

Sau huɗu Hasana na hawo keke ta zo ta karɓa. Ta sauya ƙasa, ta nemo takin awaki, ta kawar da tukunyar daga rana. Na huɗun ma ya yi baƙi. Ranar da ta kawo labarin akwai baƙi a falo, Murja ta yi dariya ta ce, "Ke kam Hasana, hannunki bai raya komi. Abin da duk kin ka taɓa sai ya mutu."

Matan suka dara, sai suka tuna da 'ya'yan Hasana, dariyar ta yanke. Hasana ta dubi tafin hannunta. Ba ta sake roƙon reshe ba.

Da damina Murja ta haifi namiji, aka sa masa Ubaidullahi. Ranar suna ɗaki ya cika, ta ɗago jaririn ta ce, "Hasana, amshi ɗanki."

Hasana ta mayar da hannuwanta bayanta.

"A'a, Yaya. Bari in gane shi daga nan. Kada in taɓa shi."

Ba da fushi ta faɗa ba, har da murmushi, ta yarda da abin da ta ce. Maganar filas ta taso wa Murja har maƙoshi. Ta dubi dangin mijinta jere a kan tabarma, ta haɗiye ta.

"Ku ƙyale ta, haka take," ta ce, ta miƙa jaririn ga wata maƙwabciya.

Hasana ta fita tsakar gida inda ake wanke tukwane, ta naɗe hannun riga. Nan ta wuni har la'asar, sannan ta tafi gida ba ta yi wa kowa sallama ba.