Sunan da Ke Jikin Faifan

Shalbiyya ce ta turo keken guragu na yayarta Manubiyya har cikin ɗakin watsa shirye-shirye na wani gidan rediyo a Tunis. Sundus, mai gabatar da shirin, ita ta tsinci wani faifan garmaho na 1957 a wajen masu sayar da tsofaffin kaya, ta yi wata huɗu tana cigiyar mawaƙiyar da sunanta ke jiki, har ta gano Manubiyya.

Abin da Sundus ba ta sani ba, muryar ta Shalbiyya ce. A wancan lokacin tana amarya, mijinta malamin makaranta, da ya ji labari da ya sake ta. Sai Manubiyya ta ba da sunanta da hotonta. A kan haka manemi biyu suka janye, matan unguwa suka daina gayyatarta biki, har ta tsufa ba ta yi aure ba.

Jar fitila ta kama, alamar an fara watsa shirin kai tsaye. Aka saki faifan, muryar ta fito tana ƙyasƙyas. Shalbiyya ta san ɗanta Munsif yana shagonsa da rediyo a kunne, shi da 'ya'yansa.

"Lalla Manubiyya," in ji Sundus cikin girmamawa, "ko baiti ɗaya ki rera mana. Duk ƙasar nan tana saurare."

Manubiyya ta ƙura wa makirufo ido. Mai kula da na'ura ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. Shalbiyya ta sunkuya kamar za ta gyara wa yayar mayafi.

"Yaya, ki ce maƙogwaronki ne ba lafiya," ta raɗa mata.

Manubiyya ta ture hannunta, ta matso kusa da makirufo.

"'Yata, ni ko kaza na yi wa waƙa sai ta daina ƙwai. Zagin dai ni na sha, shekara sittin da ɗoriya. Mai muryar ga ta nan tana jan mayafina."

Sundus ta juyo, takardunta suka zube. Shalbiyya ta dubi ƙofa. Taku biyar ne, amma ta tsaya inda take.

"Gaskiya ne, Inna?" Sundus ta tambayi Shalbiyya.

"Gaskiya ne."

Shalbiyya ta buɗe baki za ta rera, muryar ta sarƙe. Ta yi tari, ta sake kamawa daga ƙasa-ƙasa. Ba ta kai inda take kaiwa da ba, amma ta ƙarasa baitin.

Da suka fito, wayarta ta nuna Munsif ya kira sau bakwai. Ta ɗauka a na takwas.

"Umma," ya ce. "Ku tsaya nan, kada ku hau tasi. Yaran sun ce lallai da su za a zo ɗaukarku."