Littafin Gyaran Goggo

Goggo ba mutum ba ce. Ƙaramin kan jirgin ƙasa ne mai shan dizal, irin wanda ba ya tafiya gari-gari, aikinsa kawai ja da tura taragai cikin yadin wani kamfanin ajiye taki da hatsi a Sabon Gari. Ta girmi duk ma'aikatan wurin, shi ya sa sunan ya bi ta. Kuma duk yadin mutum ɗaya take ji wa magana, Kefas bakanike.

An ce sana'a sa'a. Waɗanda suka faɗi haka ba su ga Kefas ba. Mahaifinsa ya makance a ƙauyensu kusa da Kafanchan, matarsa Lucia ta koma can tana jinyar tsoho tana fama da gonar citta ita kaɗai. Kamfanin yana da sito a Kafanchan, da gurbin bakaniken janareta da ba kowa a kai. Abin da Kefas ke roƙo ke nan, a mai da shi can. Duk lokacin da ya shiga ofis, manaja Muhammad Auwal yakan tarbe shi da fara'a, har ya sa a kawo masa shayi.

"Malam Kefas, ni ba na riƙe ka. Goggo ce ta riƙe ka. Ranar da wani ya iya da ita, ranar zan sa hannu."

Wanin da ake magana ita ce Stephanie, injiniyar da aka ɗauka bara, haifaffiyar Sabon Gari, mai kaifin kai da kaifin baki. Ta bi Kefas wata da watanni tana kallon hannunsa. Ƙarshe ta aje sifana ta ce, "Baba, koyarwarka 'buga nan, saurari can' ce. Ni kunnena ba naka ba ne. Samo mini littafin gyaranta, wanda masu ƙera ta suka rubuta, ka ga in ban sallame ka ba."

Ya fara da siton kamfani. Mai sito ya buɗe masa wata tsohuwar durowa, suka tarar gara ta riga su karatu. Stephanie ta duba a intanet, ta dawo tana dariyar takaici. Kamfanin da ya ƙera Goggo ya mutu tuntuni, abin da ta samu kawai waɗansu tsofaffin Turawa masu sha'awar jirage, su ma tambayar da suke yi wa juna ke nan.

Sai aka tura shi wajen Baba Ibukun, tsohon shugaban makanikan kamfanin da ya yi ritaya, yana zaune a wani lungu bayan kasuwa. Tsohon ya saurare shi yana taunar goro da sauran haƙoransa, sannan ya shiga ɗaki ya fito da 'yan shafuka da aka ɗinke da zare.

"Ga nawa. Birki."

"Sauran fa, Baba?"

"Sauran? Kai yaro ne. A zamaninmu, da littafi ya zo, rabon gado muke yi masa. Mai birki ya yage birki, mai lantarki ya yage lantarki, kowa ya kai gida ya sa ƙarƙashin katifa. In kowa ya san abin da ka sani, me zai hana a kore ka?"

"To ina mai lantarkin?"

"Yana maƙabarta. Mai famfon mai ya koma Enugu, 'ya'yansa ba su san ma an yi wani littafi ba." Ya ƙare wa Kefas kallo. "Mu mun ɓoye don kada a kore mu. Kai kana nema don a kore ka. Duniya ta juya."

Lucia takan kira shi a waya in an tashi daga coci, lokacin da take samun sabis a kan tudu.

"Baban Eric, Baba ya sake faɗuwa a bayan gida. Ni ba na iya ɗaga shi, sai da na kira maƙwabta."

"Ina kan nema, Maman Eric."

"Littafi. Mutum da furfurarsa yana yawon neman littafi. In ka samu ka karanta wa Baba, ko idonsa ya buɗe."

Baba Ibukun ne ya tuna cewa wani Baturen injiniya, da zai bar ƙasar, ya kwashe littattafansa ya ba laburaren jami'a. Kefas ya hau mota zuwa Samaru, inda jami'ar take, da rigarsa ta zuwa coci, don kada a ga baƙin mai a raina shi. Aka yi ta mai da shi daga tebur zuwa tebur, har ya faɗa hannun Malama Zubaidatu, wata ma'aikaciya da ta kusa ritaya. Ta ce kwamfuta ba ta san littafin ba, amma kwamfuta ba ta san ɗakin ƙasa ba. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi, suka sauka tare cikin kwalaye. Da la'asar ta ciro shi, mai kauri, bangonsa kore, ko shafi ɗaya bai ɓace ba. A shafin farko ga hoton Goggo tana budurwa.

Ba a ba da aronsa, sai dai hoto. Kefas ya tsaya a shagon masu kwafi cikin ɗalibai, yana kallon shafukan suna fitowa da ɗumi, yana jin kamar ƙofa ce ake buɗe masa a hankali.

An ce mai nema yana tare da samu. Ba a faɗi abin da zai samu ba.

Da suka buɗe littafin a gefen Goggo, Stephanie ta duba shafi, ta duba inji, ta sake duba shafi.

"Baba, wannan famfon ba shi ne a hoto ba."

"Na wata irinta ne da ta mutu a Kaduna. Mun ciro."

"Wayoyin nan fa?"

"Ɓera ya cinye na asali."

"Wannan kuma?"

"Na tarakta ne."

Ta zauna a kan layin dogo ta riƙe kai. Shekara da shekaru ba a sayo wa Goggo sabon kaya ba. Duk abin da ya lalace, sai a je a yanko daga gawar wani injin a ɗaura mata, abin da bai shiga ba a sa shi ya shiga. Rabi aikin magabata ne, rabi na Kefas. Sunan da ke bangon littafin nata ne, amma cikinsa wata ake kwatantawa. Duk da haka Stephanie ba ta saki ba. Ta bi shafukan da jan biro tana gyarawa, tana tambaya, yana amsa abin da ya tuna.

Manaja dai ya ji an ce littafi ya samu, kuma ga taragan taki suna jira a kai su bakin sito. Ya sauko yadi da safe da kansa.

"Yau za a yi ta ta ƙare. Injiniya ta tada ta, ta ja taragan nan. Kai kuma Malam Kefas ka koma can, ba hannu, ba baki. In an gama, ka biyo ni ofis."

Kefas ya koma jikin bango ya harɗe hannuwa. Stephanie ta zaga injin da littafi a hannu. Ta duba ruwa, ta duba mai, ta gwada birki, komai daidai. Sai ta tsuguna ta gefen hagu, ta kai hannu kan wani ƙaramin mariƙi mai jan fenti.

Kefas ya gane mariƙin nan. Littafin ya ce kafin a tada inji a juya shi dama, baƙin mai ya samu hanya. Amma matatar man da ke jikin Goggo ta wani injin ce, a juye aka ɗaura ta tun Kefas yana sabon zuwa. A nan dama rufewa ce. Ba wanda ya taɓa mariƙin nan cikin shekaru, shi ya sa bai zo masa a rai ba sa'ad da take tambayoyinta.

Ya san abin da zai biyo baya. Goggo za ta tashi lafiya, ta ja taragan, manaja ya yi murmushi. Can anjima ƙarfe zai ci ƙarfe, ta tsaya tsayawar da ba tashi. Ba mai sayo wata, motoci za a koma ɗauka. In babu Goggo, babu abin da za a riƙe Kefas da shi. Abin da ake so daga gare shi kawai shi ne abin da aka umarce shi, ya yi shiru. Ya tuna tsohonsa kwance a ƙasa yana lalube. Ya dubi yarinyar, wadda za a ce ita ta kashe injin a ranarta ta farko.

Ta juya mariƙin. Ta hau, ta kai yatsa kan maɓalli.

"Dakata."

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ya taka ya je ya tsuguna, ya mai da mariƙin hagu. Manaja ya yi ajiyar zuciya.

"Ka gani ko, Malam Kefas? Ni da bakina ban ce komai ba." Ya juya ya nufi ofis.

Stephanie ta sauko, ta dubi mariƙin, ta bi bututun da ido har inda ya shiga matatar. Ba ta buƙaci bayani ba.

"Baba, da ka yi shiru, da ka kwana a gida ƙarshen watan nan."

"Na sani."

"Irin wannan guda nawa suka rage a jikinta?"

Ya daɗe yana kallon Goggo, daga gaba har baya.

"Sai na ga hannunki a kai nake tunawa," ya ce. "Hau ki tada ta. Taki na jira."