Minti Arba'in na Muryar Baba

Ranar farko a ajin koyon haɗa manhajar waya, malaminmu bai bari mun taɓa kwamfuta ba. Awa biyu cur yana zane a allo. Wai sai mun fara sanin tsarin da ke tafiyar da wayar: shi ne mai gida, manhajarka 'yar haya ce. In kira ya shigo, ko wuri ya yi masa kaɗan, yana iya rufe ta ba sallama. Don haka duk abin da mutum ke sakawa, a riƙa adana shi nan take.

Ni kuwa ina kujerar baya ina ta hamma. Haba! Na bar shagon maganin da nake aiki don in zo kallon akwatuna da kibiyoyi? Ko harafi ban rubuta ba.

Cikin wata uku na haɗa manhajar naɗar murya, jan maɓalli na farawa, kore na gamawa. Kaina ya kumbura. Malam ya duba ya ce, "Sai an danna kore take adanawa? In aka kira mutum yana tsaka da magana fa?" Na ce zan gyara. Ban gyara ba.

Ana haka likita ya ce sai an cire wa Baba maƙogwaro saboda ciwon daji. Zai rayu da yardar Allah, amma magana ta ƙare. Baba fa, tsohon direban babbar mota, wanda in ya yi dariya a falo maƙwabta sun san ya dawo.

Ya ce yana so ya bar mana muryarsa. Yayana ya ce a yi da abin naɗa murya da ya zo da wayar. Na yi tsalle na dire.

"Yaya, raina ni ka yi ke nan? Tawa me ta rasa?"

"Ku raba ni da rigima," in ji Baba. "Da ta uwata zan yi." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na saka masa manhajata a wayarsa. Da safiyar da za a yi masa aikin ya kore mu daga ɗakin asibitin, wai akwai maganar da ba ta faɗuwa ana kallon mutum. Muka zauna a benci. Minti arba'in muna jin amon muryarsa ta jikin ƙofa, ba ma gane kalmomin. Sau ɗaya ya yi dariya, sau ɗaya muryar ta yi ƙasa sosai har Yaya ya miƙe tsaye.

Na sauka sayen ruwa, sai na ga ma'aikata suna turo gadon da za a ɗauke shi. Maimakon in hau bene in ƙwanƙwasa ƙofa, wallahi da hannuna na kira wayarsa.

"Baba, ga su nan tafe."

"To uwata, na kusa gamawa."

Da za a fita da shi ya miƙo min wayar yana murmushi. Bayan an rufe ƙofar tiyata na buɗe. Saƙo ɗaya ne, daƙiƙa tara. Kirana ya sa tsarin wayar ya rufe manhajar, minti arba'in suka bi iska. Shi kuwa Baba da ya ga jan maɓalli, sai ya sake dannawa ya ƙarasa: "To, shi ke nan. Abin da na daɗe ina ɓoyewa ke nan. Ku riƙe junanku."

Na zame na zauna a ƙasa. Yaya ya saurara sau biyu, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Bayan kwana huɗu Baba ya fara zama. Rubutu wuya yake ba shi, sai ya danne biro kamar zai huda takarda. Ya rubuta, "Kun ji?"

Yaya ya kalle ni. Na kalli bandejin da ke wuyan Baba, sai na yi masa ƙarya.

"Mun ji, Baba."

Ya lumshe ido, ya sauke numfashi. Sannan ya jawo takardar, ya daɗe yana rubutu, ya turo ta gabana ni kaɗai: "Kin yafe min?"

Na kama hannunsa na ce na yafe, duniya da lahira. Shekara biyu ke nan, ban san abin da na yafe ba.