Dagen Lambun Labbo

Attahiru na tsakiyar jan jigo, guga na nitsewa a gulbi yana hawowa da ruwa, sai ya sake shi ya yi tsaye. Can gindin ɗorawa, a ƙarshen lambu, ga amya kwance a ƙasa an farke ta kamar tsohon kwando, ƙudan zuma na ta kewaye ta.

"Baba! Ta uku ke nan. Saura guda!"

Labbo, mahaifinsa, bai ko motsa daga bakin wutar karan da yake jin ɗumi ba. Ai ya riga shi gani. Tun da gwiwa ta hana shi jan jigo ya koma mai tsaron lambu, wai. Tsaro dai a baki, kallo ne zalla. Kowace safiyar hunturu, da an idar da salla, sai ya lulluɓa da gwado ya gangaro bakin gulbin Bunguɗu ya zauna tsakanin fangalin albasa da na alkama. Ya san zalɓen da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a yi masa shari'a. Ya san fakarun da ke fitowa a jere su sha ruwa a magudana, da kuregen da ke satar dankali yana waige, ɓarawon banza. Akwai wasu 'yan tsuntsaye masu kaɗa wutsiya da ba a ganinsu sai da ɗari, har yau bai sami wanda ya gaya masa inda suke damina ba.

Bana kuma sai ga dage, naman dajin nan mai farke amya ya sha zuma. Mace ce, baƙa wuluk daga ƙasa, bayanta toka-toka. Takan ratso alkama kafin rana ta fito, tana taku kamar uban wani ya bar mata gadon lambun, ɗanta guda na tuntuɓe a bayanta. Ran nan ta tsaya ta dube shi, shi ma ya dube ta, kowa ya kama gabansa. Tun shekarar da Nasara suka wuce Sakkwato yake noman wurin nan, bai taɓa ganin dage da ɗa ba sai yanzu. Ya bi ta da ido har ya gane raminta, cikin sarƙaƙiyar da ke bayan tsohon suri, bai kuwa gaya wa kowa ba.

Da hantsi matarsa Luba ta kawo fura, ta ga amyar, ta dire ƙwarya.

"Malam, kai ko ka san bikin Maijidda ya matso? Da mi zan yi alkakin gara? Da ruwan gulbi?"

"Allah na nan, Luba."

"Na san shina nan. Gidan malamai za a kai ɗiyarka a Gusau, masu buɗe kowane faifai su duba. Su ga alkaki ba zuma, ni za a zaga, ita kuma a riƙa yi mata gori har ta tsufa."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Maijidda ce autarsa, da kanta ta zaɓi mijin, shi kuma saboda ita ya shuka alkamar nan. Amyar da ta rage ba ta kai yanka ba, sai an ƙara mata kwanaki. Dage kuwa ba ta san jira ba.

Attahiru ya ce, "Tun da aka farke ta biyu na aika wa Bawa maharbi a Tsafe. Gobe da sassafe zai iso da karnukansa. Baba, kai da ke zaune nan kullum, ka san inda abin ga yake kwana?"

Labbo ya daɗe yana motsa furarsa da ludayi. Tsoho da furfura ya yi wa ɗansa ƙarya a kan naman daji? Haba.

"Na sani," in ji shi. "In ya zo zan nuna mashi."

Bayan la'asar kowa ya watse, shi bai tafi ba. Balbelu suka wuce makwanci, kurciyoyi suka sauko bakin ruwa, bai ko ƙirga su da ido yadda ya saba ba. Ya san aikin Bawa: a toshe bakin rami, a tura hayaƙi, abin da ya fito karnuka da mashi su gama da shi, babba da ƙarami. Can ya miƙe da kyar, ya ce wa kansa bari ya tabbatar da wurin, kada gobe ya ɓata wa baƙo lokaci. Ya ɗingisa har bayan surin, ƙaya na kama masa gwado. Bai taɓa matsowa haka ba. Ya durƙusa, ya dafa ƙasar bakin ramin da tafin hannu, ya ji wari mai kauri yana fitowa, da wani ɗan gurnani can ciki. Ya jima a nan, sannan ya koma gida.

Washegari Bawa ya iso, gajere, mai layu har wuya, karnukansa na rawar ɗari. Ya rusuna ya gaida Labbo.

"Baba, ina wajen?"

Labbo ya ɗaga hannu ya nuna. Suka nufi bayan surin.

Aka tara ciyawa, aka kunna, aka yi ta firfita hayaƙi cikin ramin. Karnuka suka yi haushi suka gaji. Shiru. Bawa ya sa aka haƙa da galma har ƙarshe, ba komai sai busassun ganye da guntun saƙar zuma. Ya tsuguna yana duba ƙasa, ya bi wani sawu da ya nufi gulbi, ya dawo yana kaɗa kai.

"Ta ɗauke ɗanta ta ƙetare. Mai goyo in ta ji warin mutum a bakin raminta ba ta sake kwana ciki, wannan ko yaran maharba sun sani. Wani ya zo nan jiya. Ga gurbin gwiwa, ga na tafin hannu." Ya ɗaga kai. "Ba za ta komo lambun ga ba. Zumarku ta tsira, ni ne na sha tafiyar banza."

Attahiru ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya tarar da uban a mazauninsa, ya zuba wa alkama ido. Fakaru sun fito shan ruwa kamar kullum. Attahiru ya tsaya a kansa, ya rage murya.

"Baba, da gangan ka yi?"

Labbo bai juyo ba.

"Wallahi tun jiya nake tambayar kaina," in ji shi. "Je ka gaya wa innarka ta fara surfen alkama."

Attahiru ya tafi. Labbo ya gyara gwadonsa, ya ci gaba da kallon inda dagen takan ɓullo.