Allurar da ta Soki Ƙauna

A ƙaramin asibitin kuɗi da Ƙauna take aikin jinya a Sabon Garin Zariya, gwangwanin madara ne mazubin allurar da aka gama aiki da ita. Idan ya cika, sai a danna da hannu a ƙara. Garin dannawar ne allura ta soke ta a babban yatsa, kuma ta gane ta sarai: ita ce wadda ta gama yi wa wani direba da duk asibitin aka san ƙanjamau ke cinsa.

Ta matse yatsan, ta wanke da sabulu, ta ja bakinta ta tsuke. Wa za ta faɗa wa? Mai asibitin mutum ne mai zaƙin baki, kullum waƙarsa ke nan: "Mu nan 'yan gida ɗaya ne, me za mu yi da ƙungiya?" Amma wata ungozoma da ta taɓa kawo zancen ƙungiyar ma'aikatan jinya, kafin wata ya mutu ta koma suyar ƙosai a Hanwa. Ƙauna kuwa mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Ta fi tsoron kora a kan ciwo, don korar ta gan ta da idonta.

Sai bayan damina ta yi ta maza ta je gwaji a ɓoye. Abin da take gudu, shi ta tarar.

Ta hau mota zuwa Samaru wurin Modupe, ƙawarta tun makarantar koyon jinya, wadda take aiki a asibitin gwamnati. Modupe haihuwar Zariya ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Tana ganin fuskar Ƙauna ta kashe risho, ta zaunar da ita. Ƙauna ta kwashe labari ta faɗa mata, ba ta rage komai ba.

Modupe ta dafe ƙirji. "Ƙawata, yaushe allurar ta soke ki?"

"Tun kafin bikin Ista."

"Wayyo Allah! Me ya hana ki zuwa a ranar? Akwai maganin da ake sha nan take, yana tare cutar kafin ta kama jiki. Ƙungiyarmu ta tsaya kai da fata sai da aka ajiye mana shi, aka sayo akwatunan zuba allura. Bara ya faru da wata yarinya a ɗakin haihuwa. Shugabarmu da kanta ta riƙe hannunta har gaban likita, ba wanda ya isa ya taɓa aikinta. Ga ta can garau, har ta yi aure."

"Ni ai ba 'yar ƙungiya ba ce," in ji Ƙauna, muryarta can ƙasa.

"Ko da haka! Da kin zo, da mun san yadda muka yi."

Nan Modupe ta fashe da kuka, har Ƙauna ce ta koma tana lallashinta. Ta yi alkawarin gobe za ta kai ta wurin shugabar, a nema mata maganin da zai riƙe ta, ta ga girman 'ya'yanta. Ƙauna ta yi godiya da gaske.

A motar komawa ta zauna gefen taga, ta rufe fuska da gyale. Ba ta taɓa lura Samaru da Sabon Gari kusa suke haka ba. Ko hawayenta bai bushe ba kwandasta ya buga ƙofa, ya ce an iso.