Kaluluwar Asiya

Duk wanda ya san Asiya, matar Mamman mai albasa a Danchadi, ya san ba a kayar da ita a gardama. Mijin nata ma ya yi shekara talatin yana gwadawa kafin ya rungumi ƙaddara. To ita ce kaluluwa ta fito wa a hammatar hagu, ana tsakiyar yankan lawashi da dakan gabu.

Abin bai dame ta ba ko kaɗan. Ai kowa ya san kaluluwa ba ta fitowa haka kawai, sai da miki a wani wuri. Asiya ta duba hannunta, sai ga inda wuƙa ta ɗan shafce ta a yatsa. Shi ke nan, an kama mai laifi. Ta ɗumama muciya a bakin murhu tana gasa wurin, kamar yadda kakarta take yi, ta ci gaba da harkarta.

Yankan ya warke cikin mako guda. Kaluluwa kuwa ta yi zamanta har wata uku, da tauri kamar ƙwallon dabino, ba zafi ba zugi. Akwai kuma wani ɗan kullutu a nonon wannan ɓangaren, wanda ba ta gaya wa kowa ba. A ganinta, abin da ba ya ciwo bai isa a tara masa jama'a ba.

Ana nan sai 'yarta Mansura ta zo hutu daga Sakkwato. Digiri na uku take yi, tana bincike a kan ƙwayoyin halittar da suke shimfiɗe a cikin jijiyoyi da yadda ciwon daji yake juya su. Babu wanda ya gane wannan karatu a gida. In an tambayi Mamman a kasuwar Bodinga, sai ya ce 'yarsa likita ce amma ba ta duba mutane. Asiya kuwa cewa take yi, shekara tara ke nan yarinya tana kallon ruwa a cikin faranti.

Da hantsi Mansura ta ga uwarta tana ɗumama muciya, alhali babu tukunyar tuwo a kan wuta.

"Inna, mi za ki tuƙawa?"

"Kaluluwa ta. Wuƙa ta yanke ni."

"Ina yankan?"

Asiya ta miƙa yatsa, ta juya shi, ta sake juyawa. Ko tabo babu. Mansura ta ja ta ɗaki ta taɓa hammatar, ta yi tambaya biyu, kullutun da ake ɓoyewa ya fito fili. Asiya ta ga fuskar 'yarta ta sauya, a nan ne tsoro ya fara kama ta.

"Ran Litinin za mu asibiti Sakkwato," in ji Mansura. "Allura za su sa su ɗebi ɗan kaɗan su duba."

Kafin azahar labari ya kai Shagari wurin dangin Asiya, kafin la'asar Attahiru, yayan Asiya, ya iso a kan babur, hula a karkace. Ko ruwa bai sha ba ya fara.

"Asiya, in daji na, kin san daji bai son ƙarhe. Allura na taɓa shi shina hwashewa. Akwai mai garin magani Lambara, can za mu."

Ya kawo labarin wata mata da aka yi wa aiki ta rasu bayan wata biyu. Mansura ta ce, "Kawu, sai da ciwon ya ci ƙarhinta aka kai ta." Daga nan ta shiga bayani da manyan kalmomi, Attahiru yana kaɗa kai irin na wanda ba ya saurare. Mamman ya tsura wa buhun gabu ido. Asiya kuwa zuciyarta ta fi karkata ga yayanta, don ita ma tun tana yarinya take jin wannan magana.

Da Mansura ta ga Turanci ba zai fisshe ta ba, sai ta ciro waya ta nuna wa uwarta abin da take kallo a farantin nan. Hoto ne mai motsi. Ga wani dunƙule a gefe, ga jijiyar jini tana wucewa nesa da shi. Can sai wata ƙwaya ta ɓalle daga jikin jijiyar ta nufi dunƙulen, wasu suna bin bayanta, har suka yi sabuwar hanya, karkatacciya, tana yoyo.

"Shi wanga dunƙule bai wuce ƙwarar gero in bai samu jini ba," in ji Mansura. "Sai shi aika musu saƙo, su kuma su gina mishi hanya."

Asiya ta karɓi wayar ta kawo kusa da ido. "Wagga ai satar ruwa ta!"

A lambun ubanta ta tashi, kusa da Shagari, kuma tana sane da maƙwabcinsu Ɗanmalam, wanda yake fasa bakin magudana da dunduniya ya karkatar da ruwa zuwa fanginsa, wato kwamin albasarsa, yana tafe yana tasbihi. Albasarsu tana ƙishi, tasa tana sheƙi.

"To ita kaluluwa hwa?"

Mansura ta ce akwai wasu jijiyoyin daban, ba jini suke ɗauka ba, wani farin ruwa suke kwashewa daga tsoka. A kan hanyarsu akwai matata, ita ce kaluluwa. In ciwon ya zubar da iri, ta nan yake bi, matatar ce take fara tare shi.

Asiya ta mayar wa Mansura wayarta. Ta tuna yadda ubansu, in ya ga aya-aya ta tsiro a ƙarshen magudana, ba ya tsayawa faɗa da ita a nan, sama yake bi ya nemo fangin da ta fito. Ita kuwa wata uku tana gasa mai gadi da muciya, ɓarawo yana ciki yana shan ruwa. Kunya ta kama ta, tsoro ya ƙaru, don ta san abin da aya-aya take yi wa lambun da aka yi wa sakaci.

"Ya wuce matatar?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba, Inna. Shi za a dubawa. Amma kowane mako da lissahi nai."

Attahiru ya gyara hula. "Ni dai na hwaɗa miki. Daji bai son ƙarhe."

Asiya ta miƙe ta ɗauki muciyar ta mayar da ita cikin kwandon kayan tuwo.

"Na ji, Yaya, bai so. Shi ya sa za ni kai mishi. Ina ka taɓa ganin an kai ma ɓarawo abin da shika so?"

Mamman ya yi wata 'yar dariya, don yau dai ba shi aka kayar ba. Daga ƙarshe Attahiru ya ce shi zai nemo motar.

Ran Litinin da safe, mota tana fita Bodinga, Asiya ta lalubo hannun 'yarta a ƙarƙashin mayafi ta riƙe gam.

"In sunka ɗauko allurar, ki tsaya inda nika ganinki," ta ce. "Shekara tara kina kallon na wasu. Yau ki kalli na uwarki da kyau."