Haukan Maƙeran Walƙiya

"Guba ce," in ji Mai Kemis, yana buga bangon littafin da bayan hannu. "Duk lokacin da maƙeri ya kama walƙiya, wani abu na saura a jininsa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ran da ta cika sai kai ya juye. Ni da nake sayar da magani za a gaya wa?"

"Kai komai a wajenka ƙwaya ce," in ji Dogo mai gyaran wuta. "Lodi ne ya fi ƙarfin waya. Nan take take ƙonewa, ba ruwanta da wani taruwa."

Baba Direba yana kishingiɗe a gado, ƙafafunsa a kumbure bisa matashi. Ya bari sai da suka gaji, sannan ya ce, "Ku biyun nan, da a motata kuke, da tuni na sauke ku a hanya."

Ni aski nake yi. Shagona yana ƙasan wani bene, ɗakin Baba kuma daidai saman kaina. Bas ɗin haya ya tuƙa tun yana saurayi, har idonsa ya mutu kamfani ya karɓe makulli. Daga nan mutumin da ake jin dariyarsa tun daga bakin titi ya koma zaman shiru, abinci ma sai an yi da gaske. Mu uku muka fara hawa wajensa da yamma muna karanta masa jerin littattafan Maƙeran Walƙiya don mu ɗebe masa kewa, sai labarin ya kama mu duka.

Labarin wasu mutane ne da suke kama walƙiya da guduma su ƙera abubuwan mamaki da ita. Ƙarshen kowannensu hauka ne, marubucin kuma ya ƙi faɗin dalili, littafi bayan littafi. Dokarmu babi ɗaya a rana, ba mai wuce wani. Littafin a ƙarƙashin matashin Baba yake kwana, don shi kaɗai ne ba zai iya leƙa gaba ba.

"Ku duba mahaukatan nan da kyau," in ji Baba. "Wanne ne ya haukace da guduma a hannunsa? Ko ɗaya. Sai majalisar dattawa ta tsorata ta ƙwace gudumar, sannan abin ya zo. Walƙiya ba ta da laifi. Hana su aikin ne."

Ni kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake bi, halin mai aski ke nan.

Littafin ƙarshe ya iso a makon da likita ya sallamo Baba gida daga asibiti, ya ce zuciyar ta gaji, a dai kula da shi. Murna da tsoro suka haɗe mana. Littafin kauri gare shi, Baba kuwa kullum numfashinsa ƙara gajarta yake. Abin da nake tsoro shi ne ya tafi bai ji amsar ba.

Mai Kemis ya yi ƙasa da murya a bakin ƙofa ya ce, "Mu buɗe ƙarshen kawai mu karanta masa."

"Ido ne ya mutu, ba kunne ba," in ji Baba daga ciki. "Ni ban taɓa tsallake tasha ba, ba kuma a kanku zan fara ba. In sauri kuke, ku ƙara mai."

Muka ƙara. Babi ɗaya ya koma uku, ya koma duk yadda murya ta iya. Dogo ya riƙa barin aiki a rabi, ni kuma na taɓa barin wani da rabin kai a aske saboda an leƙo ta taga an ce Baba ya farka.

Ana cikin haka autarsa ta iso daga garin da take aure. Mace ce mai tsari, kafin ta ajiye jaka ta canza zanen gado ta jera magunguna. Washegari da muka hau sai muka tarar da ita tsaye a ƙofa, idonta ja.

"Kawu, don Allah ku yi haƙuri, a dakata da zuwan nan. Baba ya fara sambatu."

"Sambatu kamar yaya, Auta?"

"Ya farka yana tambayata ko sun karɓe gudumar yaron. Wai in an kulle shi a rami zai fara jin tsawa a kansa. Wane yaro? Wace tsawa? Ga hayaniyarku kuma, likita ya ce hutu yake buƙata."

Dariya ta so ƙwace mini, amma ganin fuskarta sai tausayi ya kama ni. Na yi mata bayani iya yina, cewa yaron nan jarumin littafi ne, ƙaramin maƙeri da muke bi tun farko. Ba ta yarda ba. Ta rufe ƙofa, muka sauko kamar waɗanda aka kora daga aji.

Ranar nan da wadda ta biyo baya ba a yi karatu ba. Ina aski ina kasa kunne ga silin, ko tari ban ji ba. A rana ta uku da hantsi sai ga Auta a shagona.

"Ya ƙi cin komai, ya ƙi magana, ya juya fuska bango," ta ce. "Da na matsa sai ya ce mini, 'Kin shiga majalisar dattawa.' Kawu, mene ne majalisar dattawa?"

"Kira su Dogo zan yi," na ce. "Za ki ji da kunnenki."

Muka hau da gudu, Mai Kemis da rigar aikinsa. Da Baba ya ji takunmu sai ya juyo, ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo littafin. "Mun tsaya inda aka kama yaron a kan gada," ya ce. "Kada wanda ya yi mini ha'inci." Auta ta buɗe inda alamar take, ta duba, ta dube shi, sai ta zauna a bakin gadon.

Muka yi ta karatu har yamma. Muryata ta dushe, ta Dogo ta bi, Mai Kemis kuwa garin zumuɗi haɗiye kalmomi yake. Auta ta ce, "Kawo nan," ta karɓa. Ashe duk ta fi mu iyawa. Ita ta karanta inda aka gurfanar da yaron, aka zare gudumar daga ɗamararsa, aka jefa shi rami. A shafi na gaba sai ga shi ya toshe kunnuwa, yana jin tsawa alhali sama ba ko gajimare.

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya. "Me na ce?"

Ɗakin ya kaure. Mai Kemis ya miƙe tsaye. "A'a, Baba, ai gubar ta riga ta taru tun kafin nan, daidaituwa ce kawai!"

"Wace guba?" in ji Dogo. "Ka manta walƙiyar da ya kama a kan gada? Ita ta ƙona shi."

"Ku tsaya," in ji Auta, tana bin layi da yatsa. "Nan an ce hannunsa yana ta neman ɗamararsa. In guba ce ko ƙuna, me zai sa ya nemi guduma? Gaskiyar Baba ce."

"Ke da kika shigo jiya?" in ji Mai Kemis.

"Ko yau na shigo, ga shi a rubuce."

Baba yana dariya mara sauti, ƙirjinsa na hawa da sauka. Na ji ya ce, "Bar su, Auta, ba su dai iya shan kaye ba." Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na lokacin nan ba, har ni ma na tsoma baki, a karon farko da ra'ayina na kaina. Mai Kemis ya ja Auta da gardama a kan wani maƙeri na littafi na biyu, ita ba ta ma san shi ba amma ta ƙi ja da baya. Ta juya ta ce, "Baba, gaya masa."

Bai amsa ba.

Ta sake kira a hankali. Mai Kemis ya sauke hannunsa da ke sama, ya matsa ya riƙe wuyan hannun Baba, ya daɗe a haka, sannan ya girgiza kai. Muka yi salati. Auta ta ajiye littafin a buɗe a gefen gado, ta shafa fuskar mahaifinta, ta gyara masa wuyan riga.

Hasken yamma ya sauko ta taga har kan zanen gadon. Fankar da ke kan tebur tana juyawa, in ta zo saitin littafin sai ta ɗaga shafi ɗaya, in ta wuce ya koma ya kwanta.